Bo Kalaluka da Awakin Turawa

Mijin yayata, Bo Kalaluka (Bo ɗin nan girmamawa ce a wurinmu), damina biyu kacal ya yi a Livingstone, amma in ka zauna sauraronsa sai ka rantse da shi aka yi shawara kafin a bar ruwan Zambezi ya faɗa makeken ramin nan na kusa da birnin. Cewa yake shi ne babban mai karɓar baƙi a wani otal. Yayata Namatama, wadda ta taɓa kai masa ziyara can, ta ce ita dai a bakin ƙofa ta same shi riƙe da lema, yana bin wata Baturiya daga mota zuwa inuwa. In aka tuna masa sai ya ce ai lemar ma ba kowa ake damƙa wa ba.

Da ya dawo garinmu Simalya, abin da ya fara yi shi ne sayar da awakin da mahaifinsa ya bar masa. Ya tsaya a tsakiyar kasuwa, ya ɗaga hannun dama, ya ce hannun da ya gaisa da Turawan ƙasashe ba zai ƙara riƙe igiyar akuya ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Da kuɗin ya sayi farin wando da farar riga da takalmi mai tsinin baki, wanda rairayin garinmu ke cikawa kafin ya fita ƙofar gida. A hannunsa kuma akwai agogo. Agogon nan tun kafin ya iso garinmu ya daina motsi, amma hakan bai taɓa hana Bo Kalaluka faɗin lokaci ba.

Ni ce Nalishebo, ƙanwar matarsa, mai suyar kifi a bakin gaɓa. Mulamu nake ce masa, wato mijin yaya, kuma tsakanina da shi wasa ne, don haka abin da mutanen gari ke faɗa a bayan idonsa, ni a gabansa nake faɗa. Kuma ina son sa, kada ku ji ina ba da labarinsa ku zaci ƙiyayya ce. Garin da babu irinsa, zamansa babu daɗi.

Duk ranar Alhamis wani farin jirgin ruwa mai bene yakan tsaya a gaɓarmu. Otal ne sukutum a kan ruwa, da ɗakunan kwana da kujerun shan iska. Ba don ganinmu yake tsayawa ba, don kifi da tumatir ne. Mai dafa abinci ya sauko ya yi ciniki, Turawa su leƙo daga sama su ɗauki hotonmu yadda suke ɗaukar na dorina, jirgi ya busa ƙaho ya wuce. Mai kula da baƙin jirgin wata gajeriyar mata ce, Madam Mutinta, wadda ba ta dariya sai da dalili. Ma'aikatanta duk suna sa farar hula mai zare ruwan gwal a goshi, kuma tun ranar da Bo Kalaluka ya ɗora ido kan hular nan bai sake samun sukuni ba.

Duk Alhamis yana nan a gindin katakon sauka, cikin farin wando.

"Madam, zunubi ne ki wuce da mutanen nan ba su taka Simalya ba. Ki ba ni su sau ɗaya tak. Ni na san Bature ciki da bai."

"Malam, kai ne dai na makon jiya?"

"Ni ne na makon jiya, ni ne na makon gobe."

Ya dame ta har ta gaji. Wata rana ta tsaya ta kalle shi daga takalmi zuwa kai ta ce, "To, ji nan. Alhamis mai zuwa zan sauke su. Ka kai su kasuwa, ka nuna musu tsohuwar majami'a da masu saƙar kwando, ka dawo min da su. Ƙaho na farko, ku juyo. Ƙaho na biyu, za a ɗauke katako. In suka dawo a kan lokaci yadda suka sauka, jirgi zai riƙa sauke baƙi a nan kowane mako, kai ne jagoransu, hula kuma taka ce. In ka ɓata min, ko tumatir ba zan ƙara saye a garin nan ba."

Ya dubi agogonsa ya ce, "Madam, da lokaci aka haife ni."

Kafin jirgi ya sha kwana, labari ya kai gindin mangwaro inda maza ke gyaran taru. Mata suka fara zancen kwanduna da tabarmi da za su baza, ni ma na fara tunanin ƙara kaskon suya. Sai Bo Kalaluka ya hau kan wani kifaffen kwalekwale ya ɗaga hannu.

"Babu mai sayar wa baƙina ko da allura. Talla aikin ƙananan ƙauyuka ne. Bature ba a yi masa talla, kyauta ake yi masa."

Bo Lubasi, tsohon masunci wanda bai taɓa yarda da ko gaisuwar Bo Kalaluka ba sai ya bincika, ya ce, "Mu ba su kyauta, mu kuma mu ci me?"

"Ka ga agogon nan? Lemo ɗaya na miƙa wa wani Bature a Livingstone. Lemo ɗaya, Bo Lubasi. Ya cire wannan daga hannunsa ya ɗaura min. To ka auna da kanka: in lemo ya jawo agogo, kaza me za ta jawo?"

"Agogon da ba ya tafiya?"

"Hutawa yake yi. Kaza keke ce, ina gaya muku. Akuya kuwa, injin kwalekwale."

Maza suka ajiye taru suna kallon juna. Ko Bo Lubasi sai da na ga ya ɗan kalli tsohon filafilinsa.

Duk makon nan Bo Kalaluka bai zauna ba. Gida-gida ya bi yana alkawarin zai kawo "Turawana". A wurinmu kuwa in ka ce wa mace za ka kawo mata baƙo, ka riga ka ɗora mata tukunya. In ya shiga wannan gida sai ya rage murya ya ce maƙwabta fa zakara suka ware, sai masu gidan su ware agwagwa. In ya shiga na gaba ya ba da labarin agwagwar, sai a ɗaure tunkiya. Gida ɗaya kaɗai ya tsallake, gidan mahaifiyarmu da muke kira Bo Ma, saboda Namatama ta taɓa ba ta labarin lema kuma tsohuwar ba ta mantuwa.

Namatama ta ce masa, "Bo Kalaluka, matar nan kasuwa ta ce da majami'a. Gidaje nawa ka yi wa alkawari?"

"Ke dai ki goge min wando. Harkar baƙi ba a koyonta a bakin murhu."

Ranar Alhamis gari ya tashi da ƙamshin miya ta ko'ina. Jirgi ya tsaya, aka shimfiɗa katako, Turawa suka sauko ɗaya bayan ɗaya, sun fi goma, kowa da hular rana da gorar ruwa. A gaba akwai wata tsohuwa 'yar Jamus mai dogara sanduna biyu, sunanta Hildegard, mu dai Kaka Hilda muka iya. A baya akwai wani dogon Ba'amurke da kyamara mai dogon baki a rataye a wuya, shi kuma nan take aka sa masa Dogo. Na bar wa maƙwabciyata kasko na bi su, don na san abin kallo ba a gaɓa zai faru ba.

Bo Kalaluka ya jera su ya koya musu gaisuwa: a ɗan rusuna, a tafa hannu a hankali. Suka yi, muka yaba. Daga nan, maimakon ya yi dama zuwa kasuwa, sai ya yi hagu zuwa gidan Induna Muyongo, mai garinmu.

Madam ta kira shi daga saman jirgi, "Malam, kasuwa ba can take ba?"

"Gajeriyar hanya ce, Madam."

A gidan Induna aka shimfiɗa tabarmi. Zaunar da Turawa a ƙasa kaɗai ya ci lokacin da za a dafa wake, don gwiwoyinsu ba su saba ba. Induna ya yi maraba, ya tambayi lafiyar hanya, da lafiyar waɗanda suka bari a gida, da ko an yi ruwa a ƙasarsu bana. Duk jimla ɗaya tasa, Bo Kalaluka sai ya mayar da ita biyar da Turanci, kuma a cikin biyar ɗin nan mukan ji sunansa aƙalla sau biyu. Aka kawo tuwon masara da kifi da nono mai tsami. Dogo ya kurɓi nonon, idonsa ya kawo ruwa, ya ce da daɗi. Aka ƙara masa.

Sai aka jawo wani baƙin bunsuru mai dogon gemu. Matar Induna ta durƙusa gaban Kaka Hilda, don ita ce babba, ta miƙa mata igiyar da hannu biyu. Tsohuwar ta dubi Bo Kalaluka tana tambayar ko nata ne.

"Naki ne har abada, Kaka. Karɓi."

Ta karɓa. Ta daɗe tana kallon bunsurun, shi ma yana kallonta, sai muka ga hawaye. Ta ce marigayi mijinta haka gemunsa yake, haka kuma yake kallon mutane kamar sun ci masa bashi. Nan take ta sa wa bunsurun sunan mijin, Otto. Mata suka ce ayya, Induna ya gyaɗa kai, Bo Kalaluka kuma ya raɗa wa Bo Lubasi, "Ka ga hawayen nan? Injin ne ke tahowa."

Baƙo ba ya fita gidan mutum shi kaɗai, sai an raka shi. Mutanen gidan Induna suka raka mu gida na gaba. Can ma aka zauna, aka tambayi lafiyar hanya, aka kawo tuwo, aka durƙusa aka miƙa wa Dogo jan zakara. Da aka tashi, mutanen wannan gida suka shiga rakiya, na gidan Induna kuwa ba su koma ba, don suna so su ga abin da maƙwabta za su bayar. Haka muka yi ta tafiya muna ƙaruwa. Kafin mu kai gida na biyar, rabin gari na biye da mu, kowane Bature na rungume da wani abu mai numfashi. Wata siririya ta samu agwagwa, mijinta ya samu tunkiya mai tari. Wani mai ƙaton ciki an ɗora masa zabi biyu a ɗaure da kabewa a ka. Dogo ya rasa yadda zai yi da zakara da kyamara, sai ya cusa zakaran cikin rigarsa, kansa ya leƙo ta wuya.

Otto kuwa ya gane matsayinsa. Shi ne a gaba, yana jan Kaka Hilda, ita tana jan sanduna. Ya cinye ganyen da aka yi wa ƙofar wani gida ado da shi, ya ɗanɗana hular wata Baturiya, sannan ya juyo ya goga ƙahonsa a farin wandon Bo Kalaluka.

"Kai, tafi can," in ji Bo Kalaluka, yana ja da baya. "Ni ba sa'anka ba ne."

Na ce, "Mulamu, ya gane ka ne. Ƙila ɗan'uwan waɗanda ka sayar ne."

"Nalishebo, ina bakin aiki."

Muna gida na shida ko na bakwai, ana cusa wa Turawa tuwon da ba su da wurin sa shi, sai ƙahon jirgi ya tashi. Turawa suka zabura. Siririyar nan ta miƙe da agwagwarta tana nuna kogi. Bo Kalaluka ya ɗaga hannu, ya dubi agogonsa a natse.

"Ku zauna, ku zauna. Wannan ba kira ba ne. Kyaftin ne ke gaishe ni, haka muke yi da shi."

Bo Lubasi ya ce, "To ka amsa masa mana."

"Ya san na ji."

Duk da haka na ga gumi ya fara tsattsafo masa, ya kuma fara haɗa kan mutane zuwa hanyar gaɓa. Da a ce mun bi ta bayan majami'a, da wataƙila mun isa. Amma hanyar gaɓa ta ƙofar mahaifiyarmu take wucewa, ga ta kuwa zaune a kan kujerarta a bakin danga, ta sha sabon ɗankwali, tabarmi a shimfiɗe, tukunya a rufe a gefe.

Ba ta kalle shi ba. Ni ta kalla ta ce, "Nalishebo, na ji an ce akwai baƙi a gari. Na ce ƙarya ne, don da akwai, mijin 'yata ba zai kai su gidan kowa ba ya wuce ƙofata."

Suruki a wurinmu ba ya tsayawa a kan uwar matarsa, ba ya kallon idonta, ba ya yi mata magana sai ta bakin wani. Bo Kalaluka ya zube a kan gwiwoyinsa can nesa, cikin rairayi da kashin kaji, yana tafa hannu, kansa a sunkuye. Turawa da suka ga jagoransu ya durƙusa, su ma sai suka durƙusa, da zabi da kabewa da komai.

Ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Nalishebo, ki gaya wa Bo Ma ina gaishe ta da girmamawa, ita ce inuwarmu, ita ce rufin asirinmu, gidanta na ajiye a ƙarshe don shi ne mafi daraja, amma jirgi zai tashi."

Ni kuwa ɗan aike ba ya rage saƙo. Na juya na ce, "Bo Ma, surukinki yana gaishe ki da girmamawa."

"Ina amsawa. Ya ƙafarsa? Na ji takalman nan suna matsa masa."

Na juya na tambaye shi ƙafarsa. Ya ce da sauƙi, ta cikin haƙora. Na juya na gaya mata da sauƙi. Na ce ya ce ita ce inuwarmu. Ta ce Allah ya yi masa albarka, ta tambaya ko inuwar irin ta lema yake nufi. Kafin in iso maganar jirgi, an buɗe tukunya, an zuba wa Dogo nono a ƙwarya.

"Jirgin, Nalishebo," in ji shi. "Faɗi jirgin."

"Bi da bi nake zuwa, mulamu, yadda ka jero."

Da na faɗa, Bo Ma ta ce jirgin da ya san ya kawo baƙi gidan mutane ai zai jira su ci abinci. Sannan ta sa aka fito da kyautarta, wata jar akuya mai ciki wadda cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Ta ce tunda ta ji gidan Induna namiji suka bayar, ita ba za ta bar baiwar Allah ta tafi da gwauro ba. Aka damƙa wa Kaka Hilda igiya ta biyu. Sai ƙaho na biyu ya tashi, dogo, mai fushi.

Bo Kalaluka bai iya miƙewa a gaban surukarsa ba, don haka da rarrafe ya ja baya har ya wuce danga, sannan ya tashi ya zuba a guje. Turawa suka bi shi, gari ya bi Turawa. Muka ratsa ta tsakiyar kasuwar da aka ce a nuna musu, sun kuwa gan ta, ko da yake a guje. Tunkiya mai tari ta shige ƙarƙashin ragar shanyar kifi ta fito da ita a baya. Zabi suka tsinke. Kabewa ta faɗo ta gangara, ta riga kowa isa ruwa. Zakaran da ke cikin rigar Dogo ya ga abin ya yi yawa ya fara cara. Takalmin Bo Kalaluka ɗaya ya maƙale a rairayi, bai ko waiwaya ba. Kaka Hilda kuwa wasu matasa ne suka ɗauko ta a kan kujerar Bo Ma, igiya biyu a hannunta, tana dariya kamar yarinya.

Muka tarar an ɗaga katako rabi. Madam Mutinta na tsaye a bakinsa, hannu a ƙugu. Ta kalli Turawanta, gashin kaji a kansu, miya a rigunansu. Ta kalli dabbobin. Ta kalli Bo Kalaluka, ƙafa ɗaya da takalmi, farin wando ya koma kalar gaɓa.

"Malam, mene ne wannan?"

Yana haki ya ce, "Madam, ga su nan cif, babu wanda ya ɓata. Har ma sun ƙaru."

"Na ce ka dawo min da su yadda suka sauka."

"Karamcin Simalya ne, Madam. A buɗe musu ɗakin kaya."

"Ko gashin kaza ba zai hau jirgin nan ba. Yau a gaɓar Namibiya za mu tsaya. Ka san abin da jami'an dabbobi za su yi min in suka ga akuya ta tsallaka iyaka? Jirgin gaba ɗaya za su tsare. Kowa ya mayar da abin da aka ba shi."

Ta faɗa wa Turawa da Turanci. Siririyar nan, baiwar Allah, ta juya da murmushi ta miƙa wa matar da ta ba ta agwagwa agwagwarta. Matar ta ja da baya ta ɓoye hannuwanta a bayanta kamar an miƙo mata garwashi. Kyautar da baƙo ya karɓa da hannunsa, a dawo maka da ita a gaban jama'a, wannan zagi ne da ake kai wa kuta, wato zauren shari'ar Induna, a zauna a kansa. Na ga fuskar Induna ta canja, na ga Bo Ma tana gyara ɗaurin zani. Gaskiya a lokacin tsoro ya kama ni, don abin ya wuce wasa.

Bo Kalaluka ya dubi Induna, ya dubi Madam, sannan ya dubi dabbobin. Na san kallon nan. Kallon mutumin da ya hango nama ne daga nan har Kirsimeti. Ya gyara wuyan riga ya hau kan kifaffen kwalekwalen nan.

"Jama'a, ku kwantar da hankali. Wannan ƙaramin abu ne a wurin wanda ya san aiki. A manyan otal, in baƙo zai yi gaba, yakan bar kayansa a hannun babban jami'i. Babu mai mayar da komai. Kowa ya kawo nasa, ni zan riƙe."

Namatama ta ce, "Bo Kalaluka, sauko."

"Mace, ina magana da ƙasashe."

Induna Muyongo ya matso a hankali, ya ce, "Ɗana, so nake in ji da kyau. Ka ce za ka riƙe wa baƙi dukiyarsu?"

"Da bakina na faɗa, ranka ya daɗe."

"Har su dawo?"

"Har su dawo."

Induna ya juya ga jama'a ya ce, "Kun ji. Kiwon amana ne. Ba ya yankawa, ba ya sayarwa, ba ya bayarwa aro. Abin da suka haifa na masu su ne. Wadda ta mutu, ya kawo fatarta kuta ya yi bayani." Ya tafa hannu, gari duka ya tafa.

Sai a lokacin maganar ta isa kunnen Bo Kalaluka. Turawa suka yi layi cikin murna, kowa na damƙa masa nasa yana girgiza masa hannu, hannun daman nan dai da ya ɗaga a kasuwa. Kaka Hilda ce ta ƙarshe. Ta sumbaci Otto a goshi, ta naɗa igiyoyin biyu a wuyan hannun Bo Kalaluka, daidai kan agogo, ta ce ta ga alama shi mutumin kirki ne.

Tukuici kuwa sun bayar, ba a ce ba su bayar ba. An samu alƙaluma, da alewa, da wani man shafawa na hana ƙunar rana, wanda ya faɗa hannun Bo Lubasi. Ya juya kwalbar ya ce, "Bo Kalaluka, ta ina ake zuba wa injin nan fetur?"

Madam ba ta ce masa ko sai an jima ba. Jirgi ya ja baya, ya bar shi tsaye a gaɓa, dabbobi na jan sa gabas da yamma.

Makon nan bai fito gindin mangwaro ba. Da asuba yakan bi ta bayan gari da garkensa don kada a gan shi, amma tunkiya mai tari tana tona masa asiri. Mu ma ba mu ji daɗi ba, don cinikin kifi da tumatir ba abin wasa ba ne a wurinmu, kuma kowa ya ɗauka ya tafi ke nan.

Ranar Alhamis sai ga farin jirgi ya rage gudu ya juyo gaɓarmu. Aka shimfiɗa katako. Madam Mutinta ta sauko da fuskar wadda aka aiko dole, bayanta sababbin Turawa.

"Ina mutumin nan?"

Aka nemo shi daga fadama, cikin tsohon gajeren wando, ciyawa a ka.

Ta ce, "Tsohuwar nan ta hana ofishinmu sakat. Kullum sai ta bugo waya tana tambayar Otto, ya ci, ya sha, ya yi ƙiba. Ta ba duk wanda ta haɗu da shi labari. Waɗannan ma tun da suka hau suke tambayata garin da ake ba mutum akuya. An umarce ni in riƙa tsayawa kowane mako in ɗauki hoton Otto in aika mata."

Bo Kalaluka ya sauke ciyawa, ya miƙe, ƙirjinsa ya dawo wurinsa. "Na gaya miki, Madam. To ina za mu fara, kasuwa ko majami'a?"

"Babu inda za ka kai min kowa. Ni zan zaga da su. Kai ka tsaya nan da dabbobin, inda idona zai riƙa ganinka." Ta zaro farar hula mai zare ruwan gwal daga jaka ta ɗora masa a ka. "Ofis sun ce a sa maka, don hoton ya yi kyau."

Yanzu jirgi na sauke baƙi duk mako. Mata na sayar da kwanduna, ni na ƙara kasko, Induna kuma ya hana ba wa baƙo duk wani abu mai numfashi. Sai dai hanin ya zo a makare, don jar akuyar Bo Ma tagwaye ta haifa, agwagwa ta ƙyanƙyashe, Otto kuma bai zauna banza ba. Da Kirsimeti gidan Bo Kalaluka ya fi kowane gida a Simalya dabbobi, kuma da busasshen kifin da na aika musu suka ci tuwo. Namatama ta ce ya daɗe yana kallon zakaran Dogo, zakaran na kallonsa, sannan ya ce a miƙo masa gishiri.

Jiya na same shi a gaɓa, hula a ka, igiyoyi a hannu, yana jiran jirgi.

Na ce, "Mulamu, wannan ba hannun da ya gaisa da Turawan ƙasashe ba ne?"

Ya gyara zaman hular ya ce, "Nalishebo, matsalarki ke nan, ke awaki kike gani. Daga nan har Livingstone, nuna min mutum ɗaya da Jamus da Amurka suka damƙa wa dukiyarsu suka tafi suka yi barci."

Zai ƙara wani abu, sai Otto ya hango ganyen tumatir a can gefe ya fizgi igiya. Babban jami'in ya dafe hularsa da hannu ɗaya ya bi shi.